Sunan Da Ya Ƙi Fita Daga Bakin Laraba

Shafi na 23

Masu turo mini saƙo tun da sassafe wai na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, ni ma ina da tukunya a kan wuta. Ke kuma da kika rubuta cewa Laraba muguwar uwa ce, karanta wannan shafin tukuna, sannan ki dawo mu yi magana.

*

Duk ranar Juma'a, da zarar an sauko daga masallaci, sai Laraba ta tuna rariyarta ta yage.

Shekara da shekaru ke nan rariyar nan tana yagewa ranar Juma'a, kuma duk faɗin Daura babu inda ake samun aron wata sai gidan Gwaggo Kande. Kowa a gidan ya san ba rariya ke kawo ta ba. Juma'a ce ranar da Kalilu yake kiran Gwaggonsa daga Ikorodu, can gefen Legas, inda yake sana'ar dabbobi.

Kalilu ɗan Laraba ne, ɗan farinta. Ana yaye shi aka miƙa wa Kande, yayar mahaifinsa, kamar yadda aka saba. Ita kuwa Laraba ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ya shigo ta gabas sai ta fita ta yamma. In dole ta kama ta ambace shi, sai ta ce "yayan su Murja". Har mai facin bakin layinsu da ake kira Kalilu bai tsira ba, "mai sunan yaro" take ce masa.

Yau ma tana zaune a bakin murhu, ta ba Kande baya, tana tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe a gida, sai wayar ta yi ƙara.

Kande ta buɗe muryar wayar gaba ɗaya. Wai kunnenta ya yi nauyi. Kunnen da yake jin motsin ɓera a rumbu.

"Gwaggo, albishirinki!"

"Goro!"

"Haulatu ta sauka jiya da hantsi. An samu mace."

Kande ta rangaɗa guɗa har kajin tsakar gida suka watse. Hannun Laraba ya tsaya cak a kan rariya. Ba ta juyo ba.

"Gwaggo, ke za ki zo fa," in ji Kalilu. "Kin san Haulatu ba ta da uwa. Maƙwabtanmu Yarabawa suna ta ɗawainiya, Allah ya saka musu, amma ba su san wankan jego irin namu ba. Ko kunun kanwa babu mai dama mata."

"Da wace gwiwar zan zo? Ni da ko bayi sai da sanda?"

"Gwaggo, don Allah."

Kande ta saci kallon bayan Laraba.

"To ai ga innarka nan zaune, lafiyarta ƙalau."

Wayar ta yi shiru. Babu abin da ake ji sai ƙahon motoci daga can nesa, da kukan jaririya siriri. Laraba ta kasa kunne ga kukan nan kamar za ta shige cikin wayar.

"Innar su Murja?" in ji Kalilu, ya yi 'yar dariyar da babu daɗi a cikinta. "Gwaggo, bar ta kawai. Kada ki ɗora mata abin da ba ta so. Ni fa yanzu na girma, na daina jira. Wallahi wani lokacin nakan zauna in ce anya ma ta san sunana? A dai gaishe ta."

Ƙit, ya kashe.

Laraba ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta jingine rariyar a bango.

"Yaya, ni zan koma. Na bar wake a wuta."

"Waken ya ƙone! Zauna."

"Yaya..."

"Na ce ki zauna, Laraba! Kin ji abin da ya ce ko ba ki ji ba?"

"Na ji. Yaro ne."

"Yaro? Mai gemu da 'ya a hannu? To bari in gaya miki, ni na gaji. Na gaji da karɓar godiyar da ba tawa ba. Duk daddawar da kike kwana kina dakawa, da kuka, da kuɓewa busasshiya, da man shanun da kike bi har rugar Mashi ki zaɓo, ki ba ƙaninki Dabo direba ya aika Kudu, wa ake yi wa godiya? Ni! Ya kira ya ce, 'Gwaggo, daddawarki ta iso, duk duniya ke kaɗai ce uwata.' Ni kuma in ce, 'Allah ya yi albarka,' kamar ɓarauniya. Yaushe rabona da daka daddawa?"

Laraba ta sunkuyar da kai.

"Ai ɗanki ne, Yaya. Ke aka ba."

"Riƙo aka ba ni, ba naƙuda ba! Mu ma mun yi kunyar ɗan fari. Amma kunya ado ce, ana yi ana ɗan sassautawa. Ke taki ta zama kurkuku. Ranar da zai tafi, wa na gani laɓe a bayan rumfar mai ƙosai a tasha, har motar ta ɓace? Kin zaci ban gan ki ba? Ni na gani. Shi ne bai gani ba!"

Nan fa hawayen da Laraba take haɗiyewa suka ƙwace mata.

"Yaya, kin manta? Sau ɗaya na taɓa faɗa. Yana rarrafe, na ɗauke shi bayan rumbu ina masa wasa, na kira shi da sunansa. Matan gida suka ji. Sai da suka mayar da ni abin waƙa a bakin rijiya. Innata ta tako a ƙasa tun daga ƙauye, ta ce na zubar musu da mutunci, na nuna ban da tarbiyya. Tun ranar na ɗaure bakina. Yanzu ko ni kaɗai ce a ɗaki na ce bari in gwada, sai sunan ya zo nan," ta dafa maƙogwaronta, "ya tsaya."

"Innarki ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Matan rijiyar rabi sun mutu, rabi babu haƙora. Wa ya rage kike jin kunya?"

Can Laraba ta ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Jaririyar... kin ji kukanta? Irin nasa ne."

Kande ta harare ta.

"Jibi Lahadi Dabo zai yi lodi a Mai'adua. Ƙaninki ne, ga muharrami Allah ya ba ki. In kin ga dama ki je, in kin ga dama ki zo aron rariya."

*

Ranar Lahadi da la'asar, Dabo yana zagaya tirelarsa yana duba shanun da aka loda, sai ya ga yayarsa tsaye da buhu biyu da tukunyar ƙarfe a ka.

"Yaya, saƙo ne? Wannan karon ya yi yawa."

"Har da mai saƙon."

Dabo ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Ikorodu za ki? Ke da ko Kano sau nawa kika je? Yaya, kin san nisan wurin nan kuwa?"

"Kano, Zariya, Kaduna," in ji Laraba, tana kallon ƙasa. "Sai a yanki daji zuwa Mokwa. A haye gadar Jebba. Ilori, Ogbomosho, Ibadan. In an zo Shagamu sai a bar babbar hanya a karkata hagu."

Dabo ya ƙura mata ido. Ashe duk hirar hanya da yake yi a tsakar gidanta in ya dawo, yana zaton tana tsintar shinkafa ne kawai, ita haddacewa take yi.

Ya zaro waya. "Bari in gaya masa ya shirya tarbarki."

Ta riƙe masa hannu da sauri.

"Kada ka kira shi."

"Don me?"

"In ya ji ni ce, ya ce kada in zo fa? Gara in je ya kore ni ina kallonsa."

Haka Laraba ta hau gaban tirela, ta takure a jikin ƙofa da carbinta. Hanyar da ta daɗe tana bi a zuci, yau ga ta a ƙarƙashin taya. Gonakin gero suka ƙare, ƙasa ta yi ja, itatuwa suka fara tsawo suna haɗa kai. A gadar Jebba ta rufe ido ta yi ta salati, ita da duk ruwan da ta sani bai wuce dam ɗin Daberam ba. Dabo ya yi mata dariya, ya ce ai wannan kwata ce, ta bari sai ta ga ruwan Ikorodu, wanda ake shiga jirgi a kansa a tafi cikin Legas.

Ta san da ruwan. Wata Juma'a ta ji Kalilu yana gaya wa Gwaggonsa cewa in iska ta kaɗo da yamma har ƙofar gidansa ana jin ƙanshinsa. Tun ranar, in ta zauna a tsakar gidanta da yamma iska ta taso daga kudu, sai ta ɗaga hanci, ta kuma ji haushin kanta.

Duk tsawon hanyar tana gwada sunan a ranta. A zuci yana fita sumul. Da ta motsa leɓe sai ya maƙale.

A Shagamu, ranar Talata da hantsi, tirelar ta yi tari ta tsaya. Ga shanu biyu sun kwanta a ciki, in ba a tashe su ba sauran za su tattake su. Dabo ya rasa inda zai sa kansa.

"Yaya, ba zan iya barin dukiyar mutane ba. Ki jira zuwa gobe."

"Na jira abin da ya fi gobe. Sa ni a mota."

Ya sa ta a wata bas, ya jera mata kwatance yana ƙirgawa da yatsa.

"In kin wuce Sabo kaɗan, za ki ga wani ƙaton mangwaro a bakin hanya, kusa da masallacin langa-langa. Nan za ki sauka. Ki bi ta cikin gonar rogo, gidansa ne kaɗai a wurin, mai shuɗiyar ƙofa. Ba ya ɓata."

Abin da Dabo bai gaya mata ba, don shi ma bai tuna ba, rabonsa da shiga Ikorodu tun lokacin da Kalilu ya tare a gidan. Kullum a karar Legas, kasuwar dabbobi, yake sauke shanu, ya ba 'yan gari saƙo su ƙarasa da shi.

*

Babu mangwaro.

Laraba ta sauka inda yaron motar ya ce nan ne Sabo, ta yi gaba da buhu a ka, buhu a hannu, tukunya rataye. Ta duba dama, gidan mai. Ta duba hagu, bene a kan bene, wani an gama, wani ƙarafa sun yi cirko-cirko a samansa. Motocin yashi suna wucewa suna zubar da ruwa. Duk inda ta hango fili sai ta tarar an jibge bulo. Masallatai ta gani har uku, duk na siminti, babu na langa-langa. Gonar rogo kuwa ko ganye ɗaya. Shuɗiyar ƙofa fa? Ta ƙirga har ta gaji ta daina.

Garin ya ci kwatancen Dabo ya sha ruwa.

Ga wani zafi mai ɗanko da ba ta saba da shi ba, ga hadari ya haɗo daga kudu. Iska ta buso, ta kawo mata wani wari-wari, ƙanshi-ƙanshi, na kifi da laka. Ta tsaya a tsakiyar mutane ta shaƙa. Wannan ne. Iskar ƙofar gidansa ke nan. Yana nan kusa, a wani lungu na garin nan, ita kuma ba ta san ta inda za ta bi ba.

Wani ɗan acaba ya ji tana salati da Hausa, ya nuna mata hanyar kara, ya ce duk mai sana'ar dabba a can za a san shi.

A bakin karar, ƙarƙashin wata rumfa, ta tarar da wani dattijo yana cin goro. Ta yi sallama, ta durƙusa.

"Maraba, maraba. Wannan harshe ai na gida ne. Daura ko?"

"Daura, Malam."

"Ni Kabo sunana, mutumin Kongolam. Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Wani yaro ne... ɗan Daura. Yana sayar da dabbobi."

Malam Kabo ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

"Ɗaga kai ki duba. Duk waɗannan da kike gani, rabinsu 'yan Daura ne, kuma duk dabbobi suke sayarwa. Wasu ma sun yi gaba, sun tare a sababbin unguwanni, ni kaina ban san iyakarsu ba. Yaya sunansa?"

Laraba ta kauce wa tambayar.

"Dogo ne. Matarsa ta haihu ranar Alhamis."

"Makon nan haihuwa uku na sani, ban da wadda ban ji ba. Sunansa nake tambaya."

"Yayan su Murja ne."

"Wace Murja?"

Shiru.

Dattijon ya ƙura mata ido, sannan ya gyaɗa kai a hankali.

"Af. Ɗan fari ne."

Ta ɗaga kai alamar e.

"To ba komai, mu bi ta wata hanyar. Sunan ubansa?"

"Malam... shi ma ai ba na faɗa."

"La ilaha illallahu! Kin taho tun daga Daura neman mutum, ba kya faɗar sunansa, ba kya faɗar na ubansa? To bari in jero, in na faɗa daidai ki yi tari. Musaddiq?"

Shiru.

"Nu'uman mai tumaki? Jibril? Adamu Dogo? Adamu Gajere?"

Ta girgiza kai. Ya jero wasu, ya sake jero wasu, har ya fara maimaita na baya. Samarin da ke kusa suka fara taruwa suna murmushi. Laraba ta ji kamar ta koma bakin rijiyar nan, tana yarinya, ana nuna ta da baki.

Aka fara yayyafi.

Malam Kabo ya daina dariya.

"Baiwar Allah, ki saurare ni. Ruwan garin nan in ya sauko ba ya duba baƙo. Yanzu kowa zai watse, ke kuma ba ki da masauki. Ni na san al'ada, uwata har ta koma ga Allah ba ta kira ni ba. Amma nan ba Daura ba ne, babu wanda zai gane miki shi da 'yayan su wance'. In kina son ganin ɗanki, sai kin faɗa."

Laraba ta dubi buhun daddawa. Ta dubi tukunyar da ta ɗauko don dafa ruwan wankan jego. Muryar nan ta waya ta dawo mata tar: *anya ma ta san sunana?*

Ita da ta raɗa shi a zuci sau dubu. Ita da ba ta taɓa ɗaga goshi daga sujada ba sai da shi.

Leɓenta ya motsa.

"Ka..."

"Na'am?"

"Kalilu," ta ce, kamar mai raɗa.

Daidai lokacin wani bijimi ya yi ruri, wata motar yashi ta danna ƙaho.

"Ban ji ba, ɗaga murya!"

Laraba ta runtse ido. Ta dafe ƙirji da hannu biyu. Abin da ya tokare mata maƙogwaro tun tana da goyon fari ya fashe gaba ɗaya.

"KALILU! Kalilu nake nema! Ɗana ne! Ni na haife shi!"

Karar ta yi tsit. Har samarin da ke murmushi suka daina.

Malam Kabo kuwa ba ita yake kallo ba. Bayanta yake kallo.

Ta ji wani abu ya faɗi a laka, sannan wani farin rago ya wuce ta gefenta a guje yana jan igiya. Wani ya yi ihu, "Kai, ragon sunanka ya tsere!" Babu wanda ya bi shi.

Laraba ta juya a hankali.

Ita ƙeyarsa ta sani. Duk rayuwarta daga baya take kallonsa, in zai fita, in ya wuce, in mota za ta tashi da shi. Yau ga fuskar gaba da gaba, da gemu, da idon mahaifinsa, ruwan sama yana gangarowa a kanta. Hannunsa yana nan a buɗe yadda igiyar ta suɓuce.

Ƙafafunta suka ce ta gudu, kamar kullum. Ba ta gudu ba.

Ya tako ɗaya. Ya sake takowa. Bai gaishe ta ba, bai durƙusa ba, bai karɓi kayan hannunta ba. Ta kasa gane fushi ne a fuskarsa ko kuka.

"Inna," ya ce.

Bai ce Innar su Murja ba.

"Sake faɗa," ya ce.